Watan da Yatsu Suka Huta

Mata talatin da ɗaya ne ke matsa mini mai a shekarar da zan ba ku labarinta. Duk mako suna fitar da bido talatin da biyar na man gujiya, kowane bido lita ashirin da biyar, kuma a kan kowane ɗaya ina cin jika uku, wato faranka dubu uku, bayan na cire kuɗin gujiya da na mota. Mai saye ɗaya gare ni, wani Alhaji a Ɗan Issa da muka shekara tara tare, shi ke ƙetarewa da man zuwa Katsina, kuma bai taɓa jira na kwana biyu ba. Da wannan nake ciyar da gida, da shi na sa ku lekwal kuka yi boko. Shi ne kuma abin da wata ma'aikaciya mai suna Zuwaira ta zo har zaurena ta ce in tsayar na wata guda, a tsakiyar kaka, lokacin da gujiya ke da arha mai kuma ke da kasuwa.

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, kuna gaya wa baƙi cewa babanku ya rufe aikinsa don tausayin mata. Na ji daɗin jin haka, amma ba haka aka yi ba. Ƙi na yi da farko, kuma da gaske na ƙi. In akwai yabo a cikin wannan al'amari, na Madam Zuwaira ne, ina so ku san dalili tun ina da bakin faɗa.

Ga yadda muke aiki tun zamanin mahaifiyata. Ni ke ba da gujiya da ɓawonta. Su mata su ɓare da hannu, su soya, su murje, su kai niƙa, sannan su yi ta murza tunkuza da ruwan zafi har mai ya taso. Mai nawa, ƙuli nasu, sai ɗan ladan aiki a kai. Akwai injin ɓara a Maraɗi, amma ban yarda da shi ba, don yana haɗa ruɓaɓɓiya da lafiyayya; hannun mace kuwa ko ba ta duba ba ya san wadda zai yar. Shi ya sa man garinmu Madarumfa na wajena ya yi suna. Ban da aiki, akwai wani abu da ya ɗaure su da ni. Mazansu da 'ya'yansu in sun tafi cin rani Nijeriya, kuɗin da suke aikowa salulata yake shigowa, domin duk cikinsu babu mai layi da sunanta. Allah ya sani ban taɓa rage wa kowa dala ɗaya ba. Amma macen da take zuwa zaurenka karɓar aiken ɗanta ba ta kai hannunta gidan wani, kuma ba ta cewa a ƙara mata lada. Na san haka, kuma ban ƙi shi ba.

A daminar shekarar tabki ya cika ya ci lambuna da gonakin bakin ruwa. Gwamnati ta ce za ta taimaka wa gidaje, sai dai ba za a ƙara tara mutane ana kiran suna a rana ba. Kowace mace kuɗinta zai same ta a salularta. Layi kuwa sai da sunan mutum, suna sai da katin ɗan ƙasa, katin kuma sai an ɗauki zanen yatsa. Aka turo ma'aikata huɗu suka kafa tebur a harabar magajin gari, aka ce mako shida za su yi su wuce gaba. Shugabarsu ita ce Madam Zuwaira, 'yar garin Gabi, ba ta fi shekara talatin da biyar ba, siririya, ba ta da yawan magana. A makon farko matana suka tafi ayari guda, Inna Delu a gaba. Inna Delu ƙawar mahaifiyata ce, ita ke raba wa matan gujiya ta kuma karɓi mai, kuma ita kaɗai ta rage a garin nan da ke kirana Sani ba tare da Alhaji ba. Da la'asar suka dawo, mutum ɗaya tak na'ura ta karɓa. Sauran duk ta ƙi su.

"Wai ba mu da yatsu," in ji Inna Delu, tana buɗe mini hannuwanta. "Goma ne, Sani, ƙidaya. Shekara saba'in ina ci da su, yau kwalbar na'ura ta ce babu."

Na yi dariya, na ce na'urar ce ta lalace. A raina kuwa na ce ya yi daidai, komi zai ci gaba yadda yake.

Madam Zuwaira ba ta ce na'ura ta lalace ba. Na ji daga baya cewa ta gwada shafa musu ruwa, ta gwada man kaɗe, ta goge gilashin ya fi sau ashirin. Da duk ya ƙi, sai ta bar na'ura ta koma kan mutum ɗayan da ta wuce, wata yarinyar mace mai suna Hadiza. Ta tambaye ta me take ci, me take wanki da shi, yaushe rabonta da aiki. Ashe Hadiza jego take, kwana arba'in ba ta taɓa gujiya ba. Daga nan Madam ta gane. Ɓawon gujiya da zafin tunkuza ne suka goge zanen yatsun matan, kuma in hannu ya huta zanen yana dawowa. Ranar Litinin da hantsi sai ga ta a ƙofar gidana a kan babur, ta yi sallama, ta cire takalmi, ta zauna a gefen tabarma.

"Alhaji, wata guda na zo roƙo."

"Wata guda na mi?"

"Na hutun hannu. Matan da ke maka aiki su bar ɓara da matsa har mako huɗu. Sai in sake gwada su kafin mu tashi."

"Madam, ke ƙarshen wata albashinki yana zuwa, ko kin ɗauki yatsa ko ba ki ɗauka ba. Ni in bido bai cika ba, babu mai aiko mini da komi daga Yamai."

"Gaskiya ne," ta ce. "Shi ya sa ban zo da takardar kowa ba. Roƙo na zo."

Na ce mata ai na ji akwai takardar da ake cika wa wanda ba shi da yatsa, kamar kutare da masu ƙuna, ta cika musu mana a huta. Ta ce akwai, amma takardar sai ta je Maraɗi, ta je Yamai, kuma in mutum ɗaya ne ko biyu ana dubawa. In ta aika talatin daga unguwa guda za a ce ita ce ba ta iya aiki ba, a ajiye su gefe. Ta ce ta ga irin waɗannan takardu da suka shekara biyu ba amsa. Na ce to Allah ya kawo sauƙi, amma ni ba zan iya ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ambaci magajin gari ko sarki ba, alhali tana da hanyar zuwa wajensu duka. Ta yi godiya, ta sa takalminta ta tafi.

Da rana na shiga cikin gida cin abinci, na tarar labari ya riga ni. Mahaifiyarku Hajiya ta ajiye mini kwano ba ta zauna ba.

"An ce ka kori 'yar mutane."

"Ban kore ta ba. Na gaya mata gaskiya."

"Ni kuwa tawa na'urar ta karɓa, sau ɗaya na ɗora. Ka san don mi? Don shekara ashirin rabona da tunkuza. Da can da nike matsa maka, kafin ka zama Alhaji, allura ba ta tsayawa a hannuna."

Na ce mata ita ba ta san abin da ake ciki da mutumin Ɗan Issa ba. Ta ce ta sani sarai. Ta ce kuma in hatsin da matan za su ci a wannan wata ne ke damuna, tana da buhu huɗu na gero daga gonar gadonta, in fara da su. Na ce ba a kasuwanci da zuciya. Ta ce to, ta shige ɗaki. Kwana huɗu muka yi a haka, gaisuwa kawai.

Ranar Juma'a da safe Madam ta dawo, wannan karon da na'urar a cikin jaka da ƙaramar ordinata, wato kwamfuta, Inna Delu na biye da ita. Ta ce ba wata sabuwar magana ta kawo ba, so take in gani da idona. Ta ce in ɗora babban yatsana a kan gilashin. Na ɗora. Nan take zane ya fito a fuskar ordinatar, layi bayan layi, zagaye kamar kunyoyin gonar da aka yi wa huɗa mai kyau. Ban taɓa sanin ina ɗauke da abu haka ba. Sai ta ce Inna ta ɗora nata. Abin da ya fito wani farin tabo ne kawai, sumul, babu layi ko ɗaya. Ta canza yatsa, haka. Ta canza hannu, haka.

"Ina nata ya tafi?" na tambaya, ban ma san na yi maganar ba.

"Yana cikin bidunanka, Alhaji."

Ba da gatse ta faɗa ba. Yadda mutum zai gaya maka farashin kasuwa ta faɗa. Na daɗe ina kallon tabon nan. Hannun mahaifiyata na tuna, yadda in ta shafa kaina nake jin yatsunta santsi kamar bayan cokali, ni kuma a yarinta ina zaton haka hannun uwa yake. Duk da haka ɗan kasuwa bai mutu a cikina ba. Na ce to a raba su biyu, rabi su huta, rabi su yi aiki, sannan a juya. Madam ta lissafa mini kwanakin da suka rage musu a garin: ashirin da shida. Hutu biyu ba zai shiga ba, ko ɗayan ma da ƙyar. Inna Delu ta gyara zama ta ce:

"Sani, ni ban iya roƙo ba. In ka ce mu yi aiki, gobe za mu yi, don ba mu da abin ci in ba shi ba. Amma ka sani mun sani."

A ranar na sa kwaɗo a rumbun gujiya.

Washegari na hau mota zuwa Ɗan Issa don kada mutumina ya ji a bakin wani. Na same shi a rumfarsa kusa da 'yan canji, na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yatsu? Alhaji, ni mai nike saye." Na ce zan cika masa daga wani wuri. Mako biyu ina sayen mai a ƙauyukan Gabi da tsada ina kai masa a farashinmu na da. A karo na biyu ya buɗe bido ɗaya, ya shinshina, ya ce wannan ba na Madarumfa ba ne. A mako na uku ya samu wani mai kawo masa. Ban ga laifinsa ba, shi ma akwai masu jiransa a ƙetare. Matan kuwa na yanka wa kowacce tiya biyar ta gero duk mako, na fara da buhunan Hajiya kamar yadda ta ce.

Garin nan bai taɓa ganin abin dariya irin na watan nan ba. Mata talatin da ba a taɓa gani zaune ba sai ga su a inuwa, hannu sharkaf da man kaɗe, an hana su ɓara, an hana su wanki da toka, har lalle Madam ta hana. 'Yan kasuwa suka sa musu suna amaren Alhaji. In na wuce sai a ce, "Ango, yaushe buɗar kai?" Wani maigida ya zo har gida yana ƙorafi wai matarsa ta ce shi ya ɗauraye kwanonsa, gwamnati ta hana ta. Inna Delu kuwa cewa ta yi zaman ya fi aikin wuya, hannunta ƙaiƙayi yake, in ta ga gujiya a faranti sai ta kau da kai kamar mai azumi.

Abin da ya sa na fara girmama Madam Zuwaira da gaske shi ne abin da ta yi da wannan zaman. Ba aikinta ba ne, ba wanda ya sa ta. Duk la'asar in ta tashi daga biro, wato wurin aikinsu, sai ta zo gidan Inna Delu, ta share ƙasa, ta zana fuskar salula da tsinke, gida tara da ɗaya a ƙasa. Yawancinsu ba su san baƙi ba, don haka ba lamba ta koya musu ba, wuri ta koya musu: na sama hagu, na tsakiya, na ƙasa dama. Ta gaya musu salula ba ta san dala ba, faranka take ƙirgawa, in ɗanki ya ce ya aiko dala dubu to biyar da sifili uku za ki gani, kada ki ce an yi kuskure ki mayar wa mai shago. Ta sa su maimaita har suka riƙe. Da aka zo maganar lambar sirri, mata suka ce a sauƙaƙe, kowacce ta ba Alhaji tata ya ajiye, ai amintacce ne. Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin.

"Alhaji amintacce ne," in ji Madam. "Amma ba za ku ba shi ba. Ko shi, ko maigida, ko ni."

"To in na mance fa, ɗiyata?" wata ta tambaya.

"Sai ki zo da katinki a sake miki wata. Don haka ake yin katin, Inna. Don ki zama ke ce shaidar kanki."

Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye muku ba. A gabana take kwance igiyar da na shekara ina riƙe da ita, kuma geron gidana ake ci ana yi. Amma na lura ba ta taɓa ɓata ni a wajensu ba, ko sau ɗaya. Na yi hulɗa da ma'aikata da yawa a rayuwata, masu kirki da waɗanda ba su da shi. Mai kirki a cikinsu yakan yi maka aikinka in ka je. Ita kaɗai na gani tana bin wanda na'ura ta ƙi har gida, kamar ita ce ta yi asara.

Ana saura kwana biyu su tashi aka sake gwaji. Na rufe shago na bi su. Matan suka yi layi, kowacce ta riƙe hannunta a ƙirji kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta farko ta ɗora, na'ura ta yi ƙara, fitila ta koma kore, sai guɗa ta tashi har magajin gari ya leƙo ta taga. Haka aka yi ta yi. Wadda ta ƙi a babban yatsa, Madam ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya har a samu. Kafin azahar mata ashirin da shida sun wuce, ga Hadiza ta farko, ashirin da bakwai ke nan. Huɗu suka rage. Biyu tsofaffi ne ƙwarai, Inna Delu da wata, nasu ya tafi ba dawowa. Biyu kuwa, Tabawa da ƙanwarta, layukan sun fara fitowa dishi-dishi amma na'ura ba ta yarda ba. Madam ta gwada Tabawa sau tara. Daga ƙarshe ta ce, a hankali, da an ƙara ko kwana huɗu ne da ta wuce. Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Ba ta buƙatar ta kalle ni.

Su huɗun ta cika musu waccan takarda, ta ɗauki hotonsu, ni da liman muka tsaya shaida. Ba ta sa takardun cikin buhun aike ba, da hannunta ta kai su Maraɗi, kuma bayan an mayar da ita wani gari ta ci gaba da kirana duk wata tana gaya mini inda suka tsaya. Wata takwas aka yi kafin katunan su zo. Inna Delu ta juya nata gaba da baya, ta daɗe tana kallon hoton, ta ce, "Ashe haka nike? To, gwamnati ta gan ni, sai ta yi haƙuri." Na so in aika wa Madam bido guda na mai, ta ce in na aiko za ta mayar da shi a kuɗin motata.

Yanzu ga lissafi, don kada wani ya ƙara ko ya rage bayan raina. Na rasa man mako huɗu a lokacin da ya fi kowane riba. Gero buhu goma sha shida ya fita, huɗu na mahaifiyarku ne, kuma ba ta yarda na mayar mata ba. Na rasa mutumin Ɗan Issa har abada. Kafin shekara ta zagayo, mata goma sha biyu suka bar ni, suka haɗa kai suna sayen gujiyarsu, masu saye daga Maraɗi na biyansu ta salula. Waɗanda suka zauna kuma suka ce a ƙara lada, na ƙara. Tun daga lokacin ban sake wuce bido ashirin a mako ba. Abin da za ku gada ya ragu, kuma da saninna ya ragu, kada ku nemi wanda za ku zarga. A ɗaya gefen, mata ashirin da bakwai sun karɓi taimakon nan a hannunsu tun zagayen farko, ba wanda ya tsaya tsakani, har yau kuma aiken 'ya'yansu ba ya bi ta zauren kowa. Da na auna wannan da wancan, ban ga na faɗi ba.

Faɗuwa ɗaya ce, kuma ba a aljihuna ta sauka ba. A watanni takwas ɗin da Tabawa ta yi tana jiran kati, taimako ya wuce ta sau biyu, ta sayar da ɗan lambunta na bakin tabki don ta ciyar da jikokinta. Na nemi in fanso mata shi, wanda ya saya ya ƙi. Madam Zuwaira ta nemi wata guda, ta lissafa shi daidai. Ni ne na cire kwana huɗu a ciki, daga Litinin zuwa Juma'a, ina jayayya da abin da na riga na san gaskiya ne.